Dunƙulallen Hannun Inna

Hannun Inna na dama a dunƙule yake, gwiwar a lanƙwashe, ya manne da ƙirjinta kamar mai ɓoye wani abu kada a ƙwace mata. Malama ta yar da jakarta a bakin ƙofa, ko mayafi ba ta cire ba, ta durƙusa a gaban gadon ta kama yatsun za ta buɗe. Suka ƙi. Ta ƙara ƙarfi, su ma suka ƙara ƙanƙamewa, har faratan suka nutse cikin tafin.

"Inna, ni ce fa. Saki mana."

Inna ta zuba mata ido. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ita a farkon shekara magana ta ɗauke. Tana ji, tana ganewa, amma in ta buɗe bakin nan da ya karkace ba abin da ke fita sai gurnani. Malama ce babbar 'yarta. Koyarwa take yi a wani gari mai nisa, ba ta samun zuwa sai an ba da hutu. Wancan zuwan da ta yi, da idonta ta ga hannun nan ya fara buɗewa, har Inna na iya dafe kofin roba da shi. Yau ga shi ya koma kamar an ɗaure shi da waya.

Ana cikin haka Amarya ta turo ƙofa da tire a hannu. Matar Auta ce, ƙanen Malama, kuma duk da 'ya'yanta uku sunan amarcin ya ƙi barinta. Ita ke jinyar Inna, don Auta direba ne, da sassafe yake fita, sai duhu ya fara yake dawowa.

"Yaya, sannu da hanya. Ashe har kin shigo."

Hankalin Malama na kan abin da take ji a ƙarƙashin yatsunta. Ƙarar cokali a kan tiren na shiga ɗakin, hannun Inna ya ƙara hawa har ya kusa taɓa haɓa. Ƙafar dama ta miƙe sambal ta sandare, tafin ya shiga karkarwa yana bugun ƙarfen gado. Inna ta kawar da fuska wajen bango.

"Haka take yi kwanan nan," in ji Amarya tana ajiye tiren. "Da na shigo sai ta sanƙare. Abincin ma sai da lallashi da ban baki."

"Da kin shigo?"

"Wallahi kuwa."

Kai tsaye ta faɗa, tana juya shayi. Malama ta dubi hannun da ke juya shayin, ta dubi na Inna.

Washegari ta ce ita za ta yi wa Inna wanka. Tana zare mata riga ta ga abin. A damtsen dama, shatin yatsu ne a jere, jini ya kwanta ya yi baƙi-baƙi, ga na babban yatsa ta ciki. Ta ɗora nata yatsun a kai ta gwada. Hannun mace ne.

Ba ta tambayi kowa ba. Sai dai ta tuna Inna ba ta da sauƙi lokacin da take da baki. Ta sha tsare Amarya a gaban baƙi, yau gishiri ya yi yawa, gobe shara ba ta fita ba, jibi yara sun cika kuka, Amarya kuwa sai dai ta sunkuyar da kai ta ce a yi haƙuri. Malama ta daɗe tana yabon wannan haƙurin. Yanzu ta fara tunanin inda duk abin da aka haɗiye shekara da shekaru yake taruwa, da ranar da yake fitowa, musamman in wadda ta ɗura shi ba ta da bakin kai ƙara.

Ranar zuwa gashin ƙashi ta ce Amarya ta huta, ita za ta raka. Auta ya sauke su a ƙofar asibiti ya wuce aiki. Ɗakin gashin dogo ne, gadaje a jere da labule a tsakaninsu. Can ƙarshe ga ƙarafa biyu da masu koyon tafiya ke dafawa, ga wata ƙatuwar ƙwallon roba, ga madubi tun daga ƙasa har sama. Ko'ina warin man zafi. Likitar gashin wata gajeriyar mace ce mai ƙarfin damtse. Marasa lafiya sun laƙaba mata A-Hankali, don kalmar ba ta rabuwa da bakinta.

"Mama, yau kuma da wa ake faɗa?" ta ce da Inna, ta ɗauki hannun. Ba ta ja shi ba. Ta tallabe gwiwar, ta riƙe gindin babban yatsa, ta jira. Sai can ta fara miƙe shi kaɗan-kaɗan, in ya turje ta tsaya, in ya saki ta ƙara. Ya miƙe rabi ya ƙi gaba. Ta ɓata fuska.

"Ya fi na wancan makon tauri."

"Likita, me ke kawo haka?" in ji Malama.

"Zauna, Malama. Tsokar mutum ko barci yake ba a sake take gaba ɗaya ba. Akwai ɗan ja da take yi kullum, kamar igiyar shanya, ba ta yi sako-sako ba, ba ta kuma yi tsauri ba. Ƙwaƙwalwa ke daidaita shi. In ciwon nan ya taɓa ta, da farko sai ɓarin ya saki sharaf, ki ɗaga hannu ya faɗi kamar jiƙaƙƙen tsumma. Kin tuna lokacin?"

"Na tuna."

"To daga baya sai jan ya dawo, amma ba mai tsawata masa. Shi ne wannan. Kina fizgarsa da sauri zai fizge ki, shi ya sa muke bin sa a hankali. Wannan duk mun saba da shi. Abin da ban so ba shi ne ya ƙaru farat ɗaya bayan ya fara sauka. In kin ga haka, wani abu ne ke damun jikin, ita kuma ba bakin faɗa."

"Kamar me?"

"Ciwo a wani wuri. Gyambon kwanciya, farce da ya shige nama, ciwon fitsari, rashin zuwa bayan gida. Sanyi ma na sawa. Tashin hankali, tsoro, duk suna sawa."

Cikin duk abin da aka lissafa, tsoron ne ya zauna wa Malama. Likitar ta ja labule ta duba bayan Inna, da ƙugu, da diddige, da tsakanin yatsun ƙafa, ba ta ga komai ba. Ta ce a kai fitsari a auna. Da ta zo kan shatin damtsen ta ɗan dakata.

"Wa ke ɗaga ta daga gado?"

"Matar ƙanena."

"Ki ce mata ta daina kamawa ta nan, ta riƙa rungumo ta ta baya. Mama na shan maganin tsinka jini, abu kaɗan sai ya kwanta." Ta ɗago ta dubi Malama, kallon ya ɗan daɗe. "Lafiya dai ake a gidan?"

"Lafiya lau."

A hanyar komawa Malama ta yi ta juya tambayar a ranta. In likitar ba ta hango wani abu ba, me zai sa ta yi ta?

Awon fitsari ya fito ba komai. Daga nan Malama ta koma yawo ba takalmi a cikin gidan. In Amarya ta shiga wajen Inna sai ta laɓe a bayan ƙofa ta kasa kunne, ko ta faɗo ɗakin ba sallama ta ce ta manta wani abu. Ta shinshina kofin shayi. Ta zazzage kwalaben magani tana karanta sunayensu. Kullum dai abu ɗaya take gani. Inna na kwance lafiya, hannun ya ɗan sauko kan ciki, Amarya na shigowa da tire sai ya haye.

Wata rana da hantsi ta kunna kyamarar wayarta, ta jingine ta a saman kwaba a bayan tulin zannuwa, ta ce za ta je kanti. Ta daɗe a waje tana zagaye. Da ta dawo sai ta tarar da wayar a kan jakarta a falo, har an goge mata ƙura.

Amarya na tsugune tana wanke-wanke. Ba ta juyo ba. "Yaya, kin manta wayarki a kunne. Na ga caji zai ƙare, na sauko miki da ita. Ban kashe ba, ban san inda ake kashewa ba."

Amaryar da ita ke gyara wa kowa waya a gidan ce ke faɗin haka. Malama ta shige ɗaki ta zauna ta kalla. Bayan Amarya ne ya cika hoton. Ana jin muryarta: "Inna, cokali ɗaya. Don Allah ɗaya tak." Shiru. "Inna, tun jiya fa ba ki ci ba." Sai gurnani, sai ƙarar ƙarfen gado. Can aka ji "Haba Inna!" da ƙarfi, cokali ya faɗi ƙasa, kafaɗar Amarya ta motsa, amma ba a ga abin da hannunta ya yi ba. Bayan nan ta miƙe neman tsumma, fuskarta ta matso dab da wayar, ta tsaya tana kallonta. Malama ta yi ta maimaita wurin kafaɗar har idonta ya gaji. Wani lokaci mari take gani, wani lokaci mai goge abincin da ya zube.

Da Auta ya dawo ta tare shi a gindin mota tun bai kashe ta ba.

"Daga yau ni zan kula da Inna. Matarka ta huta."

"Wani abu ya faru ne, Yaya?"

"Kai ba ka da ido? Uwarka na ganin matarka jikinta ke ɗaukar rawa."

"Yaya, baiwar Allahn nan ita ke kwashe kashin Inna da fitsarinta tun ranar da aka sallamo mu. Ko gidansu ba ta leƙa ba."

"Shi ya sa na ce ta huta. Gajiya na sa mutum ya yi abin da bai yi niyya ba."

"Kin gani da idonki?"

Ta miƙa masa wayar. Ya kalla, ya sake kalla, ya mayar mata. Ya shiga gida ya wuce Amarya tana yi masa sannu da zuwa kamar bai ji ba.

Tun daga ranar Amarya ba ta ƙara taka ɗakin ba. Takan dafa abinci ta ajiye tiren a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa, ta koma kicin. Ranar farko Malama ta zauna kusa da Inna tana shafa mata kai, hannun na kwance a kan ciki, ta ji wani sanyi a ranta. Da aka ƙwanƙwasa ta tashi ta ɗauko tiren. Cokali ya yi ƙara, hannun ya haye, ƙafar ta kama bugun ƙarfe. Malama ta ce a ranta sauran tsoro ne, zai wuce. Washegari ma haka. Kafin mako ya zagayo, ko tiren ba ta ɗauko ba, tana turo ƙofa Inna ke sanƙarewa ta kawar da kai.

Jinyar kuma ta fi yadda ta zata nauyi. Miƙe hannun da likita ta nuna mata yana son haƙurin da ba ta da shi. Tana farawa a hankali, sai ranta ya ƙosa ta ja, hannun ya ƙwace ya koma inda ya fito. Tafin ya fara damshi yana wari, don ba ta iya buɗe shi ta goge. Inna kuwa ramewa take yi, wuyanta ya fito, zoben hannun hagu har juyawa yake.

Wata safiya tana sauke ta daga gado zuwa kujera, ƙafar ta sandare a tsakiyar hanya, Inna ta sulluɓe. Malama ta cafko damtsenta da duk ƙarfinta, da ƙyar ta kai ta. Washegari Auta na taya ta sauya wa Inna riga, ya tsaya cak. Kusa da tsohon shatin da ya fara dusashewa, ga wani sabo ya kwanta, ya fi shi baƙi.

"Wannan sabo ne," in ji shi.

"Zamewa ta yi na riƙe ta."

Ya dubi damtsen, ya dubi yatsun yayarsa. "To."

Ya ƙarasa sa wa Inna rigar. Amma daga ranar sai ga Auta, wanda bai taɓa dawowa gida da rana ba, yana faɗowa da azahar wai ya biyo ta nan ne. Yakan ajiye motar can nesa da gida don kada a ji ƙararta. Malama ta lura, ta kuma san sa ido yake yi mata, tunda ita ta fara.

Ranar gashi ta gaba su biyu suka kai ta. A-Hankali ta kama hannun, wannan karon ko rabi bai miƙe ba. Ta sake shi ta zauna a bakin gadon.

"Ku gaya min, yaushe ya fi ƙagewa? Da safe? Bayan wanka?"

Malama da Auta suka dubi juna.

"Da farko in matar ƙanena ta shigo ne," in ji Malama, muryarta ƙasa-ƙasa. "Yanzu kuma in ni na shigo."

"Ita matar ƙanen naki fa?"

"Ta daina shiga."

Likitar ba ta tambayi dalili ba. "Me kuke shigowa da shi?"

"Abinci. Shayi."

"Tana ci?"

"Sai an yi da gaske. Mai zafi ba ta so, mai sanyi ba ta so."

A-Hankali ta ƙura wa fuskar Inna ido. Ta tashi ta wanke hannu, ta sa safar roba, ta ɗauko 'yar tocila. Ta ɗora yatsu biyu a ƙarƙashin muƙamuƙin dama ta danna kaɗan. Duk ɓarin Inna ya zabura, ta saki wata ƙara da ta sa na gadon kusa ya ɗaga labule.

"Sannu, Mama, sannu. Buɗe min kaɗan. A hankali."

Bakin na buɗuwa wari ya bugo su. Can ciki, ta ɓangaren da ya shanye, wani haƙorin tauna ne ya fashe ya yi baƙi, dasashin ya kumbura yana fitar da mugunya. Likitar ta ce abinci ne ke taruwa a kumatun da ba ya motsi, harshe ba ya iya kwaso shi, karkacewar fuskar kuma ta ɓoye kumburin.

"Na duba ta daga wuya har ƙafa, ban leƙa baki ba," ta ce tana cire safar. "Kowane cokali azaba ce gare ta. Duk wanda ya shigo da shi, jikin ya san abin da ke tafe."

Auta ya jingina da bango ya rufe fuska da hularsa. Malama ta tsura wa tocilar da ke kan gado ido.

Likitan haƙori ya ba da magani har kumburin ya sauka, sannan aka cire haƙorin. Bayan nan hannun ya fara saukowa da kansa, daga haɓa zuwa ƙirji, daga ƙirji zuwa ciki. A-Hankali ta samu ta buɗe tafin, ta wanke, ta yanke faratan, ta ba su wani abin roba mai siffar tafin hannu da za a riƙa ɗaura mata don yatsun su zauna a miƙe. Inna ta koma cin abinci, har tana bin cokali da baki.

Malama ta sami Amarya a kicin tana yanka albasa.

"Amarya, ki yi haƙuri. Hankalina ne ya tashi."

"Ba komai, Yaya. Uwa ce." Wuƙar ba ta tsaya ba. "Allah ya ƙara mata lafiya."

Ta koma jinyar kamar da, ba abin da ta rage. Sai dai yanzu in za ta shiga ɗakin takan wangale ƙofar ta tokare ta da kujera. Ba ta ƙara zama hira da Inna ba. Duk abin da za ta yi sai ta faɗe shi da ƙarfi yadda na falo zai ji: "Zan ɗaga ta yanzu. Zan juya ta. Na gama." Auta ya daina dawowa da rana, ya shiga sayo mata 'yan abubuwa a leda, ita kuma ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya ta ajiye ba ta buɗe ba.

Ranar da hutu ya ƙare Malama ta haɗa kayanta, Auta ya fita ya tayar da mota. Ta shiga yin sallama da Inna, sai ta tarar Amarya ta ɗage labulen taga duka, ta cire wa Inna riga ta lulluɓe ta da zane.

"Yaya, kafin ki tafi zo ki duba ta."

"In duba me?"

"Jikinta. Ki ga yadda kika bar min ita, don in kin dawo ki san abin da kika bari da abin da kika tarar."

"Haba Amarya. Ai wannan ya wuce. Na ba ki haƙuri."

"Ya wuce, Yaya. A duba dai."

Babu fushi a muryarta ko kaɗan. Ta tallabe gwiwar Inna, ta jira hannun ya saki, ta miƙe shi ta juya shi wajen haske.

"Wannan naki ne, ya kusa ɓacewa. Wannan na allurar da aka ɗebi jini ne. Ga tafin, ba rauni. Inna, buɗe baki Yaya ta gani."

Inna ta buɗe. Idonta na yawo daga fuskar wannan zuwa ta waccan. A waje Auta ya danna hon.

"Na gani," in ji Malama.

"Ba ki gani ba, Yaya, ƙasa kike kallo."

Malama ta sauke jakar daga kafaɗarta ta ajiye. Amarya ta zagaya ta rungumo Inna, ta gyara mata ƙafa, ta juya ta wajen bango, ta yaye zanen.

"Matso kusa. Saura baya."